Kafin a yi wa Kano manhajar baƙi, a dubi yadda Makka ta samu Nusuk

1/
Duk sanda aka tashi maganar farfaɗo da yawon buɗe ido a Arewa, sai wani ya miƙe ya ce "a yi mana manhaja". Ni a ganina wannan gini ne da aka faro daga rufi. Zaren nan zai yi tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare.

2/
Akwai abin da ake yayi yanzu a duniya, Turawa na ce masa smart destination. Ni zan kira shi wuri mai ƙwaƙwalwa: garin da ya san baƙi nawa suka shigo, ina suka nufa, ƙarfe nawa cunkoso ke tashi, kuma yake amfani da wannan sanin ya karkatar da jama'a tun abu bai ɓaci ba.

3/
Tambayata: me ke sa gari ya zama haka? Da na bi tarihin wuraren da suka yi nisa, abu ɗaya na yi ta gani. Dole uwar na-ƙi. Matsala ce ta shaƙe musu wuya har suka fara ƙirga mutane. Manhaja a ƙarshe take zuwa.

4/
Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Makka da Madina. Kafin a taso mini: na sani, Hajji da Umara ibada ne, ba shaƙatawa ba. Amma aikin karɓar baƙo, da kwanansa, da motarsa, da hana shi faɗuwa cikin turmutsutsu, iri ɗaya ne ko me ya kawo shi. Kuma kusan kowannenmu yana da wanda ya taɓa zuwa.

5/
A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim da ke Mina. A Janairun 2006 fiye da 340 suka rasu a wurin jifa. Bayan wannan ne aka rushe tsohuwar gadar Jamrat, aka gina sabuwa mai hawa-hawa, hanyar shiga daban, ta fita daban, ba a juyowa baya.

6/
Ku lura, wannan siminti ne da ƙarfe. Babu waya a ciki tukuna.

7/
A 2010 jirgin ƙasan da ke haɗa Mina, Muzdalifa da Arfa ya fara aiki, tasha tara. A 2018 aka buɗe jirgin Haramain mai gudu tsakanin Makka da Madina, tazarar kusan kilomita 450. Shi ma wannan ƙarfe ne.

8/
Sai 2015, turmutsutsun Mina. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769, ƙirgar da aka haɗa daga ƙasashen alhazan ta haura 2,000. Mu nan ba labari muka ji ba, gidaje da yawa sun yi zaman makoki. Cikin waɗanda muka rasa har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. Allah Ya jiƙansu.

9/
Shekarar da ta biyo baya aka fara ɗaura wa alhazai abin hannu na lantarki mai ɗauke da bayanansu, aka ƙara kyamarori, aka tsananta jadawalin fita jifa: kowane rukuni da lokacinsa. Dalilin a fili yake. An ga abin da ke faruwa idan ayari biyu suka yi karo a titi ɗaya, kuma babu wanda ya hango tun daga nesa.

10/
Sai korona ta zo ta tura sauran. Hajjin 2020 mutum kusan dubu ɗaya kacal suka yi. Da aka dawo da Umara a Oktoban shekarar, mutum 6,000 aka yarje wa a rana, kuma sai ka nemi izini ta manhajar Eatmarna ka zaɓi lokaci. Karon farko ke nan da ɗawafi ya koma abin da ake kama wa layi a waya.

11/
Korona ta wuce, tsarin bai tafi ba. A 2022 aka fito da Nusuk. Yau mai son shiga Rauda a Madina ta nan yake neman lokaci. A Hajjin 2024 kuma katin Nusuk ya zama shaidar cewa kai alhaji ne mai izini.

12/
To ku ƙirga da ni. Daga ramin Mu'aisim zuwa Nusuk shekara 32 ne. Gada, jirgi, jadawali, ma'aikata, sannan manhaja. Mu kuma so muke mu tsallake duk wannan mu sauka a kan ta ƙarshen.

13/
Nusuk tana aiki ne saboda akwai askari a bakin ƙofa da zai duba wayarka ya ce ka koma idan lokacinka bai yi ba. Cire wannan mutumin, manhajar ta zama hoto. Wannan shi ne abin da masu "a yi mana manhaja" ba sa son ji.

14/
Abu na biyu da ke tura su, kuɗi. Farashin mai ya faɗi warwas daga 2014, a Afrilun 2016 Saudiyya ta fito da shirinta na 2030, wanda zuciyarsa ita ce a daina dogaro da fetur. Cikin burin har da karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara.

15/
A Satumban 2019 suka buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet. A 2023 suka ce sun kai baƙi miliyan 100, na gida da na waje, sai suka ɗaga burin zuwa miliyan 150. Wanda ya sa wa kansa irin wannan adadi dole ya san yadda zai ƙirga. Ba ka iya lallaɓa miliyan 30 da biro da littafi.

16/
Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a can hannu ɗaya ke riƙe da biza, da filin jirgi, da masallaci, da 'yan sanda. Idan aka ce kamfanin mota ya miƙa jadawalinsa, zai miƙa. Bayanai ba sa haɗuwa wuri guda sai akwai mai ikon cewa a haɗa su.

17/
Kada a ce Larabawa ne kawai da kuɗin mai. Mu leƙa Turai. Birnin Benis na Italiya, wannan da ke kan ruwa da kuke gani a hotunan amarya da ango. A 1951 mazauna tsohon garin sun kai kusan 175,000. A 2022 sun gaza 50,000.

18/
Ina suka tafi? Haya ta yi tsada, gidaje sun koma masaukin baƙi, shagon mai burodi ya koma na sayar da tsaraba. Baƙi suna shigowa da safe, su cika lungu, su yi hoto, su fice da yamma. Ɗan gari ya rasa hanyar zuwa kasuwa.

19/
A 2020 suka buɗe wani ɗakin sa ido mai cike da allon talabijin. Kyamarori na ƙirga masu wucewa, bayanan layukan waya na nuna daga wace ƙasa mutane suka zo da inda suka fi taruwa. A 2021 aka hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyar garin.

20/
Ranar 25 ga Afrilu, 2024, suka fara karɓar Yuro 5 daga mai shigowa ya fita a yini ɗaya, a wasu ranaku 29 da aka ware. Ka biya ta intanet, a ba ka lambar QR. A 2025 ranakun suka koma 54, wanda ya makara wajen yin rajista kuma ya biya Yuro 10.

21/
Wai kuma an yi musu tafi? Ina! A ranar farko wasu 'yan garin suka fito zanga-zanga. Hujjarsu: an mayar da garinsu gidan kallo mai tikiti, alhali abin da suke nema gidan haya ne da za su iya biya. Kuma ina ganin suna da gaskiya. Yuro 5 ba zai hana wanda ya biya kuɗin jirgi daga Amurka shigowa ba.

22/
Amma batuna na nan: Benis ma ba sha'awa ce ta kai ta ba, baƙi ne suka fi ƙarfinta.

23/
Wani abu da ya burge ni. Tarayyar Turai tana ba da kambun gwarzon gari a wannan fage, na farko a 2019 Helsinki da Liyon suka ɗauka. Ma'auni huɗu ake dubawa: sauƙin shiga ga kowa har da masu buƙata ta musamman, kula da muhalli, fasahar zamani, da raya al'adu. Wato waya kashi ɗaya ce cikin huɗu. Mai keken guragu ya iya hawa mota, wannan ma maki ne.

24/
Yanzu ɓangaren da ke damuna, don ba talla nake yi wa kowa ba. Hajjin 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji.

25/
Ku tsaya ku yi tunanin me wannan ke nufi. Mai kati yana da tanti mai sanyi, da mota, da ruwa, da wanda zai neme shi in ya ɓata. Marar kati yana tafe a ƙasa cikin rana, yana kauce wa jami'ai, ko ya galabaita yana tsoron neman taimako. Tsarin ya kare wanda yake gani. Wanda ba ya cikin kwamfuta kamar babu shi.

26/
Na san za a ce su suka karya doka. Haka ne, kuma akwai ejan-ejan marasa tsoron Allah da suka karɓi kuɗin tsofaffi suka kai su da bizar ziyara. Masar ta soke lasisin kamfanoni 16 bayan abin. Amma me ya kai dattijuwa hannun irin wannan ejan? Kujerar hukuma ta fi ƙarfinta. Manhaja ba ta taɓa wannan tambayar.

27/
Ga kuma Baba da Inna da wayarsu mai tocila. Duk wanda aka taɓa kira daga Madina aka ce "don Allah duba mini wannan abin ya ƙi buɗewa" ya san me nake faɗa. Idan ƙofa ta koma cikin waya, wanda bai iya waya ba sai ya nemi ɗan tsakiya, ɗan tsakiya kuma da kuɗinsa.

28/
Sai batun sirri. Garin da ya san ina kowa yake don ya hana turmutsutsu, ya san ina kowa yake don komai ma. Wa ke riƙe da bayanan, har yaushe, wa zai iya nema a ba shi? Mu da muke miƙa lambar NIN ga duk wanda ya tambaya, ya kamata wannan ya dame mu fiye da haka.

29/
To mu dawo gida, tunda a nan maganar ta faro. Kaya muna da su. Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take. A Disambar 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga tun 2016. A Nijar, tsohon garin Agadas yana jerin wuraren tarihi tun 2013.

30/
Amma matsalarmu ba irin ta Makka ko Benis ba ce. Su baƙi ne suka yi musu yawa. Mu baƙon ne ke tsoron zuwa, ko ya rasa tabbacin abin da zai zo gani zai faru. In ka kwafo maganinsu ka shafa wa ciwonmu, asarar kuɗi kawai za ka yi.

31/
Misali mai ciwo: a shekarar da UNESCO ta karrama hawan, a shekarar ce aka dakatar da hawan Babbar Sallah a Kano saboda rikicin masarauta. A 2025 ma an sake dakatarwa. Ba na shiga wane ne ke da gaskiya, kar a cika mini wajen nan da faɗa. Argungu kuma sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020.

32/
Sa kanka a matsayin wata a Legas ko Accra da ke son ganin Hawan Daushe a Ƙofar Kudu. Sai ta nemi hutu, ta sayi tikitin jirgi, ta kama otal tun da wata biyu. Wace manhaja ce za ta ce mata "ki biya, tabbas za a yi"?

33/
Sannan duk wannan tsarin an gina shi ne a kan mutum ya fito da wayarsa a titi ya duba taswira, ya ɗauki hoto, ya nuna lamba. A garin da ɗan gari ma yake waiwaye kafin ya amsa kira saboda masu ƙwacen waya. Ku gaya mini, baƙo zai ɗaga wayarsa sama a gindin Dala da yamma?

34/
Mun ma taɓa gwadawa a gida mun ga iyakar abin. A Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ta intanet, saboda 'yan cuwa-cuwa sun addabi tasha. Ya rage wahala, ba musu. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin hari, aka kashe mutane, aka sace wasu, jirgin ya tsaya wata da watanni. Tikitin na waya, hanyar na daji.

35/
Kar a ɗauka cewa nake mutanenmu ba za su karɓi fasaha ba. Ku tuna farkon 2023 da aka canja kuɗi, takarda ta ɓace. Cikin 'yan makonni mai shayi, mai nama, mai adaidaita, kowa ya samu lambar akawun. Ba taron wayar da kai aka yi musu ba. Yau a Kurmi za ka sayi jakar fata ka yi taransifa ba wanda zai kalle ka.

36/
Wato rabin abin da ake kira ƙwaƙwalwa ma yana hannun jama'a tuni: waya, taransifa, WhatsApp, TikTok. Abin da ya rage shi ne rabin da ke hannun hukuma, kuma shi ne marar daɗin ɗaukar hoto.

37/
Ina ganin abokaina 'yan kwamfuta suna harara ta. Duk shekara sai an samu mai yin furojet a kan manhajar yawon buɗe ido: hoton Dala, hoton Gidan Makama, ɗan tarihi, maɓallin kama ɗaki da ba ya kai ka ko'ina. A ba shi maki, a rufe. Ba laifinsa ba ne, babu bayanan da zai zuba a ciki, babu kuma wanda zai sabunta su bayan ya tafi bautar ƙasa.

38/
Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce: "Ba mu da kuɗin gada da jirgi, manhaja ce mai arha, a bar mu mu fara da abin da za mu iya." Na ji. Amma akwai abubuwan da suka fi manhaja arha, kuma su ne abincinta.

39/
Ƙirga. Kowane wurin tarihi ya rubuta mutum nawa suka shiga yau, daga ina, yara ko manya, a haɗa duk wata a wallafa kowa ya gani. Kuɗin shiga a rubuta shi ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa, a biya ta akawun ɗaya, a ba da rasit. Daga ranar da kuɗin ƙofa ya daina bi ta aljihu, an samu adadin farko na gaskiya.

40/
A nan ne fa za a sha daga, don akwai masu cin abinci da rashin ƙirgar. Shi ya sa ya fi sauƙi a ƙaddamar da manhaja a otal, a yanka kyalle, a watse.

41/
Sai a gyara abin da ke Google Maps, tunda shi baƙo zai buɗe ko mun so ko mun ƙi: wurin a daidai, lokacin buɗewa, ranar hutu, lambar da za a kira a ɗauka. Wannan ɗalibai goma za su iya gamawa a hutu ɗaya. Da allon kwatance a hanya da Hausa da Turanci. Da banɗaki mai ruwa, wallahi wannan ya fi kowace lambar QR muhimmanci, ku tambayi mata.

42/
Sai tambayar da Benis ta makara wajen yi: wa zai ci riba? Ruwanda tana karɓar Dala 1,500 a kan mutum ɗaya don ganin gwaggon biri a daji, mutum takwas kacal ga kowane garke a rana, awa ɗaya. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun dajin ana ware wa ƙauyukan da ke kewaye. Da haka maƙwabcin dajin ya samu dalilin kare shi.

43/
A namu, marinin Ƙofar Mata ne abin kallon. Shi ke tsugune kan rijiyar baba, shi ake ɗauka a bidiyo ana samun mabiya da shi. Rijiyoyi da yawa a wurin sun daina aiki, yadin kanti mai arha ya cinye kasuwa, 'ya'yan marina na kama wata sana'ar. Ganuwa kuma ana ta yankar ta ana gini.

44/
In za a yi tsari, a fara da shi: lambarsa ce za ta fito idan baƙo ya nemi wurin, farashinsa a rubuce, kuɗin rinin ya faɗa akawun ɗinsa kai tsaye, kuma in aka karɓi kuɗin ƙofa ya san kasonsa nawa ne. In ba haka ba, nan da shekara ashirin lambar QR ɗin za ta buɗe wa baƙo bidiyon yadda ake rini a da, yana tsaye a bakin busasshiyar rijiya.